Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Jami'o'in Amurka da Dokar Kare Ɗalibai Mata

Ran 9 ga watan Janairu, 2025, wani alƙalin kotun tarayya a Jihar Kentaki ta ƙasar Amurka, mai suna Danny Reeves, ya soke sababbin ƙa'idojin da gwamnatin Shugaba Biden ta kafa wa makarantu da jami'o'i game da cin zarafin ɗalibai ta hanyar neman lalata, da kuma nuna bambanci tsakanin maza da mata. Ƙa'idojin nan wata biyar kacal da 'yan kwanaki suka yi suna aiki, domin ran 1 ga watan Agusta, 2024 aka fara bin su. Kafin ranar, jami'o'i sun kashe kuɗi wajen ɗaukar lauyoyi, sun sake rubuta littattafan dokokinsu, sun tara malamai da ma'aikata sun koya musu sabon tsari. Da hukuncin ya fito sai aka naɗe tabarmar, kowa ya koma ya kakkaɓe ƙa'idojin 2020 na zamanin Shugaba Trump, waɗanda aka ce an yi ban kwana da su.

Na san mai karatu da ke Sabo a Badun, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko bakin kasuwar shanu a Fatakwal, zai ce ina ruwan biri da gada. To, ruwansa kuwa akwai. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗaliban Nijeriya fiye da 20,000 ne suke karatu a manyan makarantun Amurka, kuma dokar da muke magana a kanta ba ta tambayar fasfo, duk wanda ke cikin makarantar ta shafe shi, ko a matsayin mai ƙara ko a matsayin wanda ake ƙara. Ban da wannan, mu ma ƙasar tarayya ce da mu, mu ma 'ya'yanmu mata sun fara cika azuzuwan jami'o'in nan Kurmi, mu ma Majalisar Tarayyarmu ta sha fama da wannan batu. Gemun maƙwabci ne ya kama da wuta, bai kamata mu tsaya kallo da hannu a aljihu ba.

Asalin maganar wata gajeruwar doka ce da Shugaba Nixon ya sa wa hannu ran 23 ga watan Yuni, 1972, wadda suke kira Title IX, watau Babi na 9 na gyaran dokokin ilmi na wannan shekara. 'Yan majalisa mata biyu, Edith Green da Patsy Mink, tare da Sanata Birch Bayh, su ne suka tsaya kai da fata har ta tabbata. Ƙashin bayanta kalmomi 37 ne kurum cikin Turanci, ma'anarsu kuwa ita ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin Gwamnatin Tarayya ba ta da ikon ta hana wani mutum shiga, ko ta tauye masa wata moriya, ko ta nuna masa bambanci, don kawai shi namiji ne ko mace ce. Babu maganar ɗauri a ciki, babu maganar bulala. Igiyar da aka ɗaure jami'o'in da ita igiyar kuɗi ce. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to, hikimar dokar ke nan gaba ɗayanta. A 1984 Kotun Ƙoli ta ce sashen da ya karɓi kuɗin shi kaɗai dokar ta hau kansa, amma a 1988 Majalisa ta toshe wannan kafa, ko da yake Shugaba Reagan ya ƙi sa hannu, ta ce in dala ɗaya ta shiga ta kowace ƙofa to makarantar duka ta shiga hannu. Har tallafin da gwamnati ke ba ɗalibi ya biya kuɗin makaranta ana lissafa shi. Shi ya sa 'yan kwalejojin da ba sa son a sa musu baki, irin su Grove City da Hillsdale, suka zaɓi su haƙura da kuɗin gwamnati ɗungurungum. Sauran dubban kuwa ba za su iya ba.

Abin lura shi ne dokar 1972 ba ta ambaci neman lalata ba ko sau ɗaya. Kotuna ne suka shigar da shi sannu a hankali. Ɗaliban Jami'ar Yale ne suka fara kai ƙara a 1977, suna cewa malamin da ya ce wa ɗaliba sai ta ba da kanta kafin ta ci jarrabawa ya nuna mata bambanci ne don tana mace, tun da ba zai ɗora wa namiji wannan sharaɗi ba. Ba su ci shari'ar ba, amma hujjarsu ta zauna. A 1992 Kotun Ƙoli ta yarda ɗaliba tana iya neman diyyar kuɗi daga makaranta. A 1998 ta ce ba za a ci makaranta tara ba sai in wani mai iko a cikinta ya sani ya kau da kai da gangan. A 1999 kuma ta ce ko ɗalibi ne ya addabi ɗaliba 'yar'uwarsa, makarantar da ta sani ta yi shiru tana da laifi.

Daga nan ne siyasa ta shigo, kuma a nan nake so in daɗe. A watan Afrilu na 2011 gwamnatin Obama ta aika wa makarantu wata wasiƙa, ta ce lalle su binciki kowace ƙara, kuma in ma'aunin hujja ya karkata ko da kaɗan zuwa ga mai ƙara to ya isa a hukunta. Mata da yawa da suka daɗe suna haɗiye baƙin ciki sun sami bakin magana. Amma kuma wasu jami'o'in, don tsoron fushin gwamnati, sai suka wuce gona da iri: mutum ɗaya shi ne mai bincike, shi ne alƙali, a kori yaro daga makaranta bai ga takardar tuhumarsa sosai ba, balle ya tambayi masu shaida. A 2014 malaman shari'a 28 na Jami'ar Harvard suka fito fili suka soki tsarin jami'arsu, suka ce ba ya yi wa wanda ake zargi adalci. Ɗaruruwan samari suka kai jami'o'insu kotu, wasu kuma suka yi nasara.

Da mulki ya koma hannun jam'iyyar Rifablikan, sai Sakatariyar Ilmi, Betsy DeVos, ta janye wasiƙar a watan Satumba na 2017, sa'an nan ran 6 ga watan Mayu, 2020 ta fito da ƙa'idojinta masu shafi wajen 2,000 in an haɗa da bayanansu, ta ba makarantu kwana 100 su shirya, alhali kuwa ana tsakiyar annobar korona, makarantun ma a rufe suke. Ƙa'idojin sun ce a ɗauki wanda ake zargi a matsayin marar laifi har sai an gama bincike. Sun ce mai bincike daban, mai yanke hukunci daban. Sun ce a jami'a dole a yi zaman sauraro, kowane ɓangare ya zo da mai ba shi shawara, lauya ko waninsa, shi ne zai yi wa ɗaya ɓangaren tambayoyi, ba shi mai laifin da bakinsa ba, kuma in an nema a raba su ɗaki daban-daban suna ganin juna ta na'ura. Amma kuma sun ƙuntata ma'anar cin zarafi: ban da fyaɗe da makamantansa, da kuma malamin da ya sa lalata ta zama farashin maki, sauran fitina ba ta shiga lissafi sai ta kasance mai tsanani, kuma mai yawan aukuwa, kuma wadda kowane mai hankali zai ƙyamata, duka uku a haɗe. Abin da ya faru a wajen ƙasar Amurka kuma, ko da a tafiyar karatu ne da jami'ar ta shirya, an cire shi.

Sai kiɗa ya sake canzawa. Ran 19 ga watan Afrilu, 2024 gwamnatin Biden ta fito da nata. Ta ce fitina in ta yi tsanani, ko kuwa in ta yawaita, ɗaya daga ciki ya isa. Ta ce zaman sauraro ba dole ba ne, kuma mutum ɗaya yana iya yin bincike ya yanke hukunci. Ta ƙara wa ɗalibai masu juna biyu da masu shayarwa kariya, har da tanadar musu wuri mai tsabta na keɓe. Sa'an nan ta ɗora wani kaya a bisa jakin, ta ce kalmar bambancin jinsi ta haɗa da masu neman jinsinsu da waɗanda suka ce jinsin da aka haife su da shi ba shi ne nasu ba, abin da ya taɓo maganar banɗaki da ɗakin sauya tufafi. Wannan kayan shi ya karya jakin. Jihohin 'yan Rifablikan suka garzaya kotu, kafin a ankara an dakatar da ƙa'idojin a jihohi 26. Wata kotu a Kansas ma ta ce ko a jihar da ba a dakatar ba, duk makarantar da ke da ɗalibi ɗan wasu ƙungiyoyi da suka shigar da ƙara, ko ɗan wani memba nasu, ba za a tilasta mata ba. Kotun Ƙoli, ran 16 ga watan Agusta, 2024, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ƙi yarda a ci gaba da aiki da sauran sassan da ba a yi jayayya a kansu ba. Ƙarshenta alƙali Reeves ya share duka, mai kyau da marar kyau, har da ɗakin mai shayarwa.

Mai karatu ya sa kansa a matsayin ma'aikacin da aka ɗora wa wannan aiki a wata jami'a cikin waɗannan watanni. Yarinya ta shigo ofis tana kuka. Kafin ya san da wace doka zai saurare ta, sai ya tambaya yaushe abin ya faru, domin in kafin 1 ga Agusta ne tsohuwar ƙa'ida za a bi, in bayan nan ne sabuwa. Sai ya duba a wace jiha reshen jami'ar yake, sai ya duba ko sunan makarantarsa yana cikin jerin da aka kai wa kotun Kansas. Ita kuwa yarinyar ba abin da ya kawo ta ke nan ba. Ta zo ne ta ce gobe da safe tana da darasi a ajin mutumin da take ƙara, kuma ba ta san yadda za ta shiga ba.

Ra'ayina a nan ba ya goyon bayan ko ɗaya daga cikin jam'iyyun biyu baki ɗaya. A kan maganar sauraron ɓangarori biyu, ina ganin DeVos tana da gaskiya. Mu da muka tashi muna ganin alƙali a zaure mun san ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa, kuma mun san sharri yana nan a duniya, korar yaro daga jami'a da tambarin lalata a goshinsa kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A kan ma'anar cin zarafi kuma, ina ganin mutanen Biden sun fi kusa da gaskiya, gama bai kyautu a ce wa yarinya ta jira sai fitinar ta yawaita kafin a saurare ta ba. Amma babban laifin da nake gani ya hau kan dukansu: sun mai da amincin ɗalibai tutar yaƙin neman zaɓe. Cikin shekara 14, daga 2011 zuwa 2025, an juya akalar sau biyar. Majalisarsu ba ta zauna ta rubuta tsarin cikin doka ba, ta bar wa Ma'aikatar Ilmi, ma'aikata kuwa tana canza fuska duk ran da aka rantsar da sabon shugaba. A watan Maris na 2025 ma sai aka rufe ofisoshin shiyya 7 daga cikin 12 na sashen da ke karɓar irin waɗannan ƙararraki. Mu da muke rubutu a jaridar jam'iyya ya kamata mu fi kowa jin wannan gargaɗi.

Duk da wannan kai-komo, akwai abin da bai motsa ba, kuma shi ne nake ganin ya fi amfani. Tun ƙa'idojin farko na 1975 aka wajabta wa kowace makaranta ta naɗa ma'aikaci aƙalla ɗaya wanda alhakin Babi na 9 ke wuyansa, ta sanar da ɗalibai sunansa da inda ofishinsa yake, ta kuma buga hanyar kai ƙara kowa ya gani. Ba gwamnatin da ta taɓa soke wannan. Ƙa'idojin 2020 da na 2024, duk da gabar da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan cewa da zarar ɗaliba ta kawo kuka, tun kafin a tabbatar da laifin kowa, sai a yi mata tayin sauƙi: a canza mata aji ko ɗakin kwana, a ƙara mata lokacin miƙa aiki, a hana su biyun tuntuɓar juna. Sun haɗu a kan haramta ramuwar gayya ga wanda ya kai ƙara ko ya ba da shaida. Sun haɗu a kan ajiye takardun kowace ƙara har shekara 7. Akwai ma wani sharaɗi a ƙa'idojin 2020 da ya kamata dattawanmu masu son a kashe wuta a cikin gida su ji: in malami ko ma'aikaci ake zargi da addabar ɗaliba, an hana makaranta ta kai maganar teburin sulhu, domin babu sulhun gaskiya tsakanin mai riƙe da alƙalamin maki da mai jiran makin.

Amma fa kada a ɗauka naɗa ma'aikaci da buga littafi shi ke nan an bi doka. Jami'ar Jihar Mishigan tana da ofishin, tana da littafin. A 2014 wata mata ta kai ƙarar likitan 'yan wasansu, Larry Nassar, ofishin ya bincika ya wanke shi, ya ci gaba da duba 'yan mata har 2016. Da asiri ya tonu, a watan Janairu na 2018 kotu ta ɗaure shi shekara 40 zuwa 175, shugabar jami'ar ta sauka daga muƙaminta, jami'ar kuma ta amince ta biya dala miliyan 500 ga mata fiye da 300. A 2019 Ma'aikatar Ilmi ta ƙara mata tarar dala miliyan 4 da rabi. Ofishin da aka kafa don ya kare sunan makaranta, ba don ya kare ɗaliba ba, ƙarshensa bai kare ko ɗaya ba.

Yanzu mu dawo gida. A 2018 wata ɗaliba a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta naɗi muryar malaminta, Farfesa Richard Akindele, yana ciniki da ita a kan maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar ICPC ta kai shi gaban babbar kotun tarayya a Oshogbo, a watan Disamba na shekarar aka ɗaure shi shekara biyu. A watan Oktoba na 2019 gidan rediyo da talabijin na BBC ya nuna fim ɗin da 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta, wanda aka ɗauka da ɓoyayyiyar kyamara a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana, daga bisani Jami'ar Legas ta sallami malamai biyu. A watan Yuli na 2020 Majalisar Dattijai ta zartar da ƙudurin Sanata Ovie Omo-Agege mai tanadin ɗauri har zuwa shekara 14, amma wa'adin Shugaba Buhari ya ƙare a 2023 bai zama doka ba. Mai karatu ya lura da abu ɗaya: a Ife da Legas duka, sai da aka sami faifan murya ko hoto ya bazu a duniya kafin hukuma ta motsa. Yarinya nawa ce ke da ƙarfin halin kunna na'ura a ofishin farfesa?

Na san wani dattijo mai sayar da goro a Agege, wanda ya yi shekaru yana tara kuɗi ya sa 'yarsa a wata jami'a a nan Kurmi, 'yan'uwansa na gida suna yi masa surutu cewa ya kai ɗiya cikin daji. A shekararta ta biyu ta dawo hutu ta ce ba za ta koma ba. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ta ce ita dai karatun ne ya fi ƙarfinta. Sai bayan an aurar da ita uwar ta gaya masa cewa wani malami ne ya kayar da ita sau biyu a darasi ɗaya, ya kuma faɗa mata farashin wucewa. Na tambaye shi, da ya sani a lokacin me zai yi? Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wa zan je in gaya wa? Ni ban san kowa a can ba." Ita ma yarinyar ta yi lissafinta daidai: in ta faɗa, abu na farko da za a yi shi ne a cire ta daga makaranta, ƙannenta mata kuma ba mai sake tura su, masu surutu su ce ai mun faɗa. Ɗiyar baƙo a garin da ba ta da kawu a ofis, ba ta jin yaren masu gari sosai, an kuma rene ta da kunya, ita ce irin wadda mugun malami ke zaɓa.

Ban ƙi dokar ɗauri ba, a yi ta, a kuma yi aiki da ita. Sai dai kotu tana zuwa ne bayan an riga an yi ɓarna, kuma tana neman hujjar da yawancin 'yan mata ba za su iya kawowa ba. Abin da Amurkawa suka gano tun 1972, kafin siyasa ta dagula musu ruwa, shi ne makaranta ta fi jin maganar aljihunta. Mu ma muna da igiyar a hannu. Asusun TETFund yana raba wa jami'o'in gwamnati, na tarayya da na jihohi, biliyoyin naira kowace shekara don gine-gine da bincike da horar da malamai. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke ba da izinin kowane kwas, na gwamnati da na masu zaman kansu. Me zai hana a ce jami'ar da ba ta da ofishin karɓar ƙara mai cin gashin kansa daga shugabannin sassa, wadda ba ta buga wa jama'a yawan ƙararrakin da ta karɓa a shekara da yadda kowace ta ƙare ba tare da ambaton suna ba, wadda ba ta da tsarin ba wani malami daban takardar jarrabawar mai ƙara ya sake dubawa, a riƙe rabonta har sai ta gyara? Kuma a rubuta wannan cikin dokar Majalisa, tare da haƙƙin malami na a saurare shi ya kare kansa, ba cikin takardar umarnin minista ba, wadda wani ministan zai zo ya yage.

'Yan majalisarmu na Arewa sukan zo Ikko da Badun su gaisa da Sarkin Hausawa in zaɓe ya matso. In sun zo, a tambaye su wannan magana a gaban jama'a. Kafin nan kuwa, uban da zai kai 'yarsa rajista a bana, ko a Akoka ne ko a Amurka, bayan ya biya kuɗin makaranta ya ga ɗakin kwananta, ya ƙara tambaya ɗaya a ofishin kula da ɗalibai: in wani malami ya matsa mata, wace ƙofa za ta buga, wane ne a bayan ƙofar? Ya rubuta sunan ya ba ta. Sa'an nan a hanyar dawowa tasha ya gaya mata, ko ya sa uwarta ta gaya mata in bakinsa ya yi nauyi, cewa duk ran da ta kawo irin wannan kuka gida ba za a cire ta daga makaranta ba.